Sakatar Bindigar Dinny

Tsoho Pym ne ya tsinci gawar Vern Haskett ranar Lahadi da hantsi, tana kife a gefen kwalekwalensa, harsashi ya shiga ta gadon baya ya fita ta ƙirji. Kafin ɗan sanda ya gama ɗaura wa doki sirdi, duk mai ƙafa biyu a Mashigar Rafferty ya je ya gani, ya tattake wurin, ya kuma yanke hukunci. Mashigar ba wani gari ba ce. Kanti ɗaya ne da mashaya a jikinsa, sai ofishin 'yan sanda mai rufin kwano, sai bukkokin Turawa maharban kada da suka warwatsu a bakin kogi. A wuri irin wannan ba a daɗewa ana neman wanda za a zarga.

Clancy, baƙin mutum ɗan asalin ƙasar mai bi wa 'yan sanda sawu, ya iso a bayan ɗan sandan, Kurtu Tolhurst, ya sauka daga doki, ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Ruwan teku kan hawo kogin nan ya koma, ya kuwa hau da safen nan ya lashe lakar tas. Ɗan abin da ruwa ya rage, takalman 'yan kallo sun ƙarasa shi.

"Me ƙasa ta ce?" in ji Tolhurst, yana korar ƙuda daga idonsa.

"Ta ce Pym ya zo a hankali ya koma da gudu. Ta ce sauran sun zo kamar ana rabon taba. Wanda ya yi harbin kuwa, Yallaɓai, ruwa ya tafi da sawunsa."

Ya ƙara hawa tudu inda ruwa bai kai ba. A gindin wata bishiya ya ga inda mutum ya durƙusa da gwiwa ɗaya, a gefe kuma gindin bindiga biyu sun lotsa ƙasa kusa da juna, kamar an jingine su a jikin itacen. Bai gane ma'anar abin ba. Ya ajiye shi a ransa.

"Daina wahalar da idonka, Clancy. Ga sawun nan a hannuna."

Dutchy Brandt ne, ƙaton maharbi mai jan wuya. Ya buɗe tafinsa, ga kwanson harsashi da ya tsinta a ciyawa. Kusa da gindin kwanson akwai wani zobe mai ƙyalli da ya zagaye shi, gefe ɗaya ma ya tsage.

Kowa ya san zoben nan. Duk maharban kogin bindiga iri ɗaya suke riƙewa, tsohuwar bindigar soja wadda aka sayar tuli-tuli bayan yaƙin Japan. Amma ɗaya ce tak take yi wa kwanso haka. Sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ciki, ta cinye, ba ta riƙe harsashi da kyau, in an harba sai kwanson ya miƙe ya yi zobe, wani lokaci ya fashe ya feso wa mutum wuta a fuska. Ta Dinny ce, wani baƙin saurayi mai fiɗar kada. Kuma kowa ya ji Dinny a ƙofar kanti yana gaya wa Vern cewa in ya ƙara shiga tafkin kakanninsu da bindiga, ba zai fito ba.

Dutchy ya dubi Clancy yana murmushi. "Ƙanin matarka ne, ko? To bi sawun mu gani."

* * *

Kafin rana ta karkata, Dinny na bayan ƙofar ƙarfe, bindigarsa na kan teburin Tolhurst. Clancy ya tsuguna a bakin ƙofar.

"Mijin Yaya, ka ga ɗakin da gwamnati ta ba ni?" in ji Dinny. "Kai shekara da shekaru kana yi musu bauta, ko taga ba su ba ka ba."

"Rufe mini baki. Ina kake da sassafe?"

"Can saman kogi, ina neman kifi."

"Wa ya gan ka?"

"Kifin. Su ma ba su tsaya gaisuwa ba."

"Ka yi harbi?"

"Da waccan tsohuwar? Rabona da harba ta tun ranar da ta ƙone mini gira. Ado nake yi da ita."

"Ka ce za ka kashe Vern a gaban mutane."

"Cewa na yi ba zai fito ba. Ai ba ni zan hana shi fitowa ba, masu tafkin ne."

"Alƙalin birnin Darwin bai san masu tafki ba. Kai za a kai masa."

Dinny ya daina dariya. Ya san abin da kowa ya sani. Motar wasiƙu ta ƙarshe a shekarar tana hanya, kuma dole ta juya kafin ruwan sama ya rufe hanyar. Ba wanda ya san ranar zuwanta. Ranar da ta zo, a bayanta Dinny zai zauna da ankwa, kuma baƙin mutum da aka ce ya harbe Bature ta baya, igiya ce ke jiransa a can.

A gida Clancy ya tarar da murhu a mace. Maudie matarsa na zaune a kan gwangwanin kananzir, ba ta ɗago ba.

"Kai mai bin sawu ne," in ji ta, "ko mai riƙe musu doki?"

Ya zauna, ya tashi, ya leƙa hanya, ya dawo. Hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa ba ɗigo, zafi ya hana kowa sukuni.

* * *

Washegari Clancy ya ce wa Tolhurst, "Yallaɓai, ina so in ji bindigar nan ta yi magana."

"Ka ɗaure ta a itace ka ja da zare. Ba na son in rasa idon mai bin sawuna."

Haka suka yi a bayan ofis. Ƙara ta tashi, tsuntsaye suka watse. Clancy ya ja sakata, kwanso ya faɗo. Ya ɗauka yana juya shi da zafinsa. Sumul yake, ba zobe, ba tsaga. Suka sake, suka kuma sake. Duk sumul.

Tolhurst tsohon soja ne, da irin bindigar nan ya yi yaƙi a dazuzzukan Niugini. Ya zare sakatar gaba ɗaya ya ɗaga ta a rana. Sakatar irin wannan bindiga haƙora biyu gare ta ta baya, dogo da gajere. In an tura ta an kwantar da mariƙinta, haƙoran sai su faɗa gurbinsu a jikin bindigar, su ne ke tare duk ƙarfin harbin. Clancy ya sha ganin haƙoran ta Dinny: sun daddaƙe, bakinsu ya nannaɗe kamar kan ƙusar da ta sha guduma. Waɗannan kuwa gefensu na nan da kaifinsa.

"Ba tasa ba ce," in ji Clancy.

"Ba tasa ba ce," in ji Tolhurst. "Kada ka ce in duba lamba. Ɗan kasuwar da ya kawo su a tuli ya saye su, ya riƙa gwada kowace sakata da hannu har ta shiga. Ba wadda lambarta ta taɓa dacewa da ta bindigarta a kogin nan." Ya share gumi. "Kuma wannan bai wanke shi ba. Kafin ka haɗiye yawu mutum ya sauya sakata."

"Da ta wa?"

"Shi ne aikinka."

* * *

Uwargida Rafferty, mai kanti da mashayar, na auna gishirin jima lokacin da Clancy ya shiga ta ƙofar baya. Ta saurare shi hannu a ƙugu, sannan ta nuna masa wani tsohon bokiti a lungun baranda.

"Ga amsarka can. Tun ranar da wani jaki ya harbe mini agogon bango na kafa doka. Duk wanda ya shigo farfajiyata, ya zare sakata ya jefa a bokiti, bindiga ta tsaya a baranda. In zai tafi ya ɗauki abarsa."

"Kowa yana gane tasa?"

"Haka suke cewa. Bayan kwalba uku, uwar da ta haife su ma ba sa ganewa."

"Dinny ba ya sha a nan."

"Doka ta hana in ba baƙin mutum giya, ka sani. Garin fulawa da taba ya zo saye ranar Asabar. Amma bokiti bai san mai sha da marar sha ba, ya jefa tasa. Dutchy ya sa shi a gaba da zagi a kan maganar tafkin nan, yaron ya fusata, ya zura hannu ya fizgi ɗaya ya yi gaba. Ko kallonta bai yi ba."

"Ta su wa ke ciki ranar?"

Ta ɗaga ido sama. "Ta Dutchy. Ta Pym. Ta Snow Kellaher. Sai ta Dinny."

"Vern fa?"

"Bai zo ba. Rabona da shi tun wancan makon, yana can yana fakon wani ƙaton kada. Allah ya ji ƙansa, ban yi kewarsa ba."

Clancy ya fito yana lissafi. In Dinny ya tafi da ta wani, to cinyayyar tasa ta kwana a bokiti, ɗaya daga cikin mutum uku ya tafi da ita gida bai sani ba. Ya tsaya ya kasa kunne wajen hanya. Tsawa ce daga nesa, ba mota ba.

* * *

Ya fara da Dutchy, don shi ransa ya fi so. Ya same shi yana shafa wa fata gishiri, ga wani sabon rauni a kumatunsa na dama, daidai inda mutum ke ɗora fuska a bindiga.

"Me ya ji maka ciwo?"

"Ƙaya. Ko ita ma za ka bi sawunta?"

"An ce kun yi dambe da Vern bara a kan wurin farauta."

"Na fasa masa hanci, ya karya mini haƙori, muka sha giya. Haka maza ke yi. Ba ma bin mutum ta baya kamar danginku."

Clancy ya haɗiye maganar. "Yallaɓai ya ce ka yi harbi ɗaya in ga kwanson."

Dutchy ya ɗauki bindiga ya fasa wani gwangwani da ke ƙetaren ruwa, ya jefo masa kwanson a ƙafa. Sumul.

Daga nan sai wurin Tsoho Pym. Ya miƙo bindigarsa kamar zai yi kuka. Sakatar lafiya lau, kuma zanzaro ya gina gidan laka a bakin bututun, ya bushe ƙamas. Wannan ba ta yi harbi ba tun kafin bazara.

Snow Kellaher kuwa da shayi ya tarbe shi. Mutum ne siriri mai farin gashi tun yana saurayi, ba ya hayaniya, ba ya zagi, kuma shi kaɗai ne a maharban ke ba wa baƙin mutum kofin da shi kansa yake sha da shi. Ya gutsuro masa burodin da aka gasa a toka da naman gishiri.

"Ban yarda Dinny ne ba," in ji Snow. "Yaron baki ne da shi kawai."

"Ka gaya wa Yallaɓai haka?"

"Wa zai ji tawa?"

Clancy ya dubi farfajiyar. Wani abu ya ragu. Can ya gane: ba a yi masa haushi ba da ya shigo.

"Ina jar karyarka?"

"Wani kada ne ya ɗauke ta." Snow ya zubar da sauran shayinsa a ƙasa. "Harbi kake so ka gani, ko? An gaya mini kana zagayawa."

Ya harba sama. Kwanson ya fito sumul kamar sabo.

* * *

Clancy ya koma ofis da yamma, ya zube kwansuna a teburi.

"Bindiga huɗu, duk lafiyarsu ƙalau," in ji Tolhurst. "To ina cinyayyar? Ko ya jefa ta a kogi?"

"Da ya jefa ta a kogi, da bindiga ɗaya ta rasa sakata. Kowa na da tasa."

Ya kasa zama. Ya je taga, ya dawo, ya sake komawa. Daga cikin ɗakin ƙarfe Dinny na rera wata waƙar mutanensu ƙasa-ƙasa, abin da ba ya yi sai in tsoro ya kama shi. Clancy ya rufe ido ya koma gindin bishiyar nan a zuciyarsa. Gwiwa ɗaya a ƙasa. Gindin bindiga biyu a jingine. Mutumin da ya kashe wani ba ya durƙusawa ya huta. Aiki ya yi a wurin, aikin da ke buƙatar bindiga biyu.

"Yallaɓai, ina bindigar Vern?"

Tana bayan ƙofa tare da bargonsa da tukunyarsa, yadda aka kwaso su daga kwalekwale. Ba wanda ya dube ta, don ba a zargin bindigar mamaci. Clancy ya zare sakatarta ya kai bakin taga. Haƙoran sun daddaƙe, bakinsu ya nannaɗe.

Ya ji daɗi, amma daɗin bai kai ko'ina ba, don ya ga fuskar Tolhurst.

"Ka san abin da ka tono?" in ji ɗan sandan a hankali. "Vern bai je mashaya ba, sakatarsa ba ta shiga bokiti ba. Ke nan wanda ya harbe shi ne ya zare tasa ya sa masa wannan. Yanzu ka ji yadda lauyan gwamnati zai faɗa. Dinny ya harbe shi da bindigarsa, ya tuna kowa ya san zobenta, ya ɗauke lafiyayyar sakatar mamaci ya sa a tasa, ya bar masa cinyayyar. Shi ya sa tasa ke harbi sumul. Ba bokiti, ba komai."

Clancy ya zauna a ƙasa. Maganar ta zauna daram, har shi kansa ya ji ta shige shi. Ya san Dinny tun yana yawo ba wando. Ya kuma san yadda idonsa ke juyewa in an taɓa tafkin nan.

"Da akwai yadda za a san sakatar da ke cikin ta Dinny ta wace ce?"

Tolhurst ya daɗe yana sosa gemu. "A soja akwai wani tsoho mai gyaran makamai da ya nuna mana wata dabara. Sakata da bindigar da suka daɗe tare, ƙarfensu kan ci juna har su zauna daidai, haƙora biyun duk su taɓa gurbinsu. Baƙuwar sakata za ta shiga, za ta rufe, za ta yi harbi, amma galibi haƙori ɗaya ne ke ɗaukar nauyin. Sai ka turara haƙoran da baƙin fitila, ka sa kwanso a ciki ya tura ta baya, ka rufe, ka buɗe. Inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe baƙin zai goge."

"Sawu ke nan."

"Kira shi abin da ka ga dama."

"Mu gwada yanzu."

"A'a. In muka gwada mu biyu a ɗaki, za su ce ka wanke ƙanin matarka ni kuma na rufe ido. A gabansu za a yi. Kuma Clancy, in ta zauna daidai a ta Vern, magana ta ƙare. Ka yarda?"

Clancy ya dubi ƙofar ƙarfen. Waƙar ta tsaya.

"Na yarda."

* * *

Motar wasiƙu ta iso washegari da rana tsaka, laka har gilashi. Direban ya ce ruwa ya fara sauka a bayansa, ba zai kwana ba, ko injin ma ba ya son kashewa. Tolhurst ya ce ya ci abinci tukuna. Ya aika a kira kowa barandar Uwargida Rafferty, kowa da bindigarsa, ba harsashi.

Aka jera bindigogi biyar a dogon teburi. Dinny na zaune a ƙarshen baranda da ankwa. Maudie na tsaye a bayan shinge da sauran matan. Uwargida Rafferty ta kawo fitilar kananzir, ta cire gilashin, ta ɗaga lagwani har ya riƙa tuƙa baƙin hayaƙi.

Tolhurst ya yi bayani a taƙaice. Dutchy ya yi tsaki.

"Da rana tsaka an kunna fitila ana neman mai kisa. Ga shi can a zaune, ku sa shi a mota mu koma aiki."

"Za ka koma," in ji Tolhurst. "Clancy."

Clancy ya zare sakatar da ke cikin bindigar Dinny, ya riƙe haƙoranta a kan hayaƙin har suka yi baƙi ƙirin. Ya sa kwanso a bindigar Vern, ya zura sakatar, ya kwantar da mariƙin. Ya buɗe, ya zaro, bai duba ba, ya miƙa wa Uwargida Rafferty.

"Ke ba ki da ɗan'uwa a nan, Uwargida. Faɗi abin da kika gani."

Ta sa tabarau. "Dogon ya goge, yana ƙyalli. Gajeren na nan baƙi, ko taɓa shi ba a yi ba."

Clancy ya saki numfashi. Ba ta Vern ba ce. Ya sake turara ta ya sa a bindigar Dutchy. Haƙori ɗaya. A ta Pym da ƙyar ma ta rufe, gajeren ne kaɗai ya ɗan goge. Saura ɗaya. Ya cire sakatar da ke cikin bindigar Snow ya ajiye a gefe, ya zura wannan. Ta shiga ba gardama, ta kwanta ba ƙara. Ya zaro.

"Duka biyun sun goge," in ji Uwargida Rafferty. "Fes."

Kowa ya juya. Snow na jingine da ginshiƙi, hularsa a hannu.

"To, tawa ce," in ji shi, muryarsa ba ta canja ba. "Dinny ya ɗauki tawa a bokiti, ni na ɗauki ta wani. Wa bai taɓa yi ba a nan? In laifi ne, a ɗaure mu duka."

"Gaskiya ne," in ji Dutchy, amma ba da ƙarfin ɗazu ba.

"Gaskiya ne," in ji Clancy. "Saura mu ji ta wa ka ɗauka."

Ya ɗauki sakatar da ya ajiye a gefe, wadda ta fito daga bindigar Snow. Ya turara ta. Bai nufi ta Dutchy ba, bai nufi ta Pym ba. Ya jawo bindigar mamacin, ya zura, ya rufe, ya buɗe. Wannan karon da kansa ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Haƙora biyu suna ƙyalli a cikin baƙi.

"Uwargida, Vern ya zo ranar Asabar?"

"Na gaya maka bai zo ba."

"To wannan ba a bokiti ka same ta ba, Snow."

Injin motar na ta kaɗawa a farfajiya. Sai tsoho Pym ya dafe kai.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na faɗa ranar Asabar, ina cikin maye. Na ce na wuce ta wurin Vern na ga ya ɗaure wata jar karya a turke a bakin ruwa, tana kuka, don ya jawo ƙaton kadan nan. Dariya ma na yi. Ban san taka ba ce, Snow."

Snow ya dubi cikin hularsa.

"Tun tana jaririya a aljihun rigata take kwana," in ji shi. "Na yi ta nemanta a daji ina kira. Da na je da safen, turken na nan, igiyar na nan, da guntun abin wuyanta. Na tambaye shi. Ya ce kare ne fa, zai ba ni fata ɗaya a madadinta. Ya juya ya ci gaba da kwance kwalekwale. Da na harbe shi bindigar ta feso mini wuta, sai na gane sakatar Dinny ce a cikinta. Ba zan koma gida da ita ba, ba kuma zan koma ba sakata ba. Ta Vern na nan a kwalekwale."

"Kwanson fa?" in ji Tolhurst.

"Na gan shi a ciyawa."

"Ka bar shi," in ji Clancy.

"Na ɗauka za a sake shi. Ba wanda ya gan shi a wurin."

"Ka san ba a sakin irinmu. Ka zuba mini shayi kana sane."

Tolhurst ya taka zuwa ƙarshen baranda, ya buɗe ankwar hannun Dinny, ya dawo da ita. Snow ya sa hularsa, ya miƙa hannu biyu. Dutchy ya ɗauki bindigarsa ya sauka ta matakala bai kalli kowa ba.

Tolhurst ya naɗe bindigogi uku da sakatunsu a buhu, za su tafi gaban alƙali. Direba ya danna ƙaho. Iska mai ƙanshin ruwa ta taso ta kashe fitilar.

Dinny ya zo yana murza wuyan hannunsa, ya tsaya kusa da Clancy, suna kallon motar tana juyawa.

"Sun tafi mini da bindiga, mijin Yaya."

"Gara ita."

Dinny ya yi ƙasa da murya yadda matan ba za su ji ba. "Na ji ku jiya, kai da Yallaɓai. Ka ce ka yarda. Da a ce baƙin nan ya goge duka biyun a ta Vern fa?"

Clancy ya dubi yatsunsa, sun yi baƙi har farce. Ya goge su a wando.

"Da ni zan riƙe maka hannu ka hau motar," in ji shi. "Wuce mu je, yayarka ta hura wuta."